Ranar da Aka Hana Mu Binne Baffa

Mun haƙa kabari, mun yi wa Baffa Sale sutura, sai ga ɗan sanda daga Gaya da takarda. A rijiya aka tsamo Baffa a Toranke, cikin shekarun saba'in.

Duk gidanmu ni kaɗai na taka sakandare, ni na karanta. Na ce, "Baba, inkwes ne. Kalmar Turawa ce, asalinta bincike. Ba binnewa sai hukuma ta gano abin da ya kashe shi."

Babana ya ce, "Ajali ne, kai! Ajalin za su bincika?"

Likita ya duba, ya ce an fasa masa ƙeya tun kafin ya shiga ruwan. Saura ƙiris mu rufe maganar da ƙasa.

Har yau jikina na rawa. Ku da kun yarda a jira?