Ƙafar Mutumin Maraɗi

Lokacin da nake aiki a sashen kula da ma'aikata na wata ma'aikatar tarayya, a Kubwa muke zaune ni da maigidana. A ɗakin da ke bakin ƙofar gidan akwai wani ɗan haya, mutumin Maraɗi, magidanci, furfura ta fara fito masa a gemu. Lodi yake yi a wani sito a Idu. Iyalinsa suna can gida. Da damina yakan je ya yi shuka ya dawo.

Gaisuwa ce kawai tsakanina da shi. Da maigidana yake hira a kan benci, yawanci kukan naira. Yakan ce albashinsa yana nan yadda yake, amma da an canja shi zuwa sefa, kafin ya isa hannun matarsa ya rame.

Wata rana abokan aikinsa suka kawo shi da ƙafa a naɗe. Katan-katan na tayil ne suka zame suka danne ta. Da muka shiga duba shi, na tambaye shi ko kamfanin ya biya asibiti.

Ya ce, "Hajiya, oga ya ce baƙo ba shi da haƙƙi a nan. Wai in gode Allah bai kira 'yan shige da fice ba."

"Malam, kana da katin zama?"

"Ina da shi, bai ma daɗe da sabuntawa ba."

"To, tsoron me kake ji?"

Na faɗa masa abin da na sani: dokar ƙwadago ba ta tambayar garin da aka haife ka. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, maganinsa da diyyarsa suna wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. Matsalar ita ce ba a taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki ba, kuma ba shi da asusun banki. Albashinsa a asusun wani abokin aikinsa yake shiga, wani Bagwari daga wajen Zuba. A rubuce, kamar bai taɓa taka siton ba.

Bagwarin ne ya cece mu. Ya san yana iya rasa aikinsa, amma ya bi mu ofishin ƙwadago. Ya ce wa jami'in, "Oga, kuɗin shi tana shigowa wurina, ni ina ba shi. Ranar da kaya ta faɗi, ni na ɗaga."

An yi ta kai-kawo. Daga ƙarshe kamfanin ya biya asibiti da albashin watannin jinya. Diyyar da suka bayar ba ta kai yadda ya kamata ba. Na so mu ci gaba, mutumin Maraɗin ya ce ya gaji, ya karɓa. Na ji haushi, amma ƙafarsa ce, ba tawa ba.

Lodi ya gagare shi, aka mayar da shi gadin ƙofa. Wannan karon sai da aka rubuta masa albashi, lokacin aiki da hutun damina kafin ya sa hannu. Maigidana ya raka shi ya buɗe asusu da sunansa. Mutumin ya kuma daina ajiye naira yana jiran tafiya gida. Da an biya shi yake canjawa ya aika ta wurin masu aika kuɗi masu rajista, ba ta hannun direba ba.

Daga baya 'yan ƙasarsu suka fara zuwa wurina ran Lahadi, masu gadi da masu tura baro, kowa da tambayarsa. Wadda na sani in amsa, wadda ban sani ba in ce su je ofishin da kansu. Shi yake yi musu jagora, yana ɗingishi a gaba.