Malam Tijjani Mai Gadin Miya

Idan ka shigo Unguwar Kanawa ka tambayi mai gyaran keken ɗinki, Malam Tijjani za a nuna maka. Dogo ne siriri, kullum da 'yar kwalbar mai a aljihun gaba, har rigunansa duk sun yi tabo a wuri ɗaya. Shagona na kafinta yana jikin nasa, bango ɗaya muka haɗa. Wani abin da zan faɗa da idona na gani, wani kuma shi ya ba ni da bakinsa daga baya, lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Bayan gyaran keke, abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya yabo. Ba hassada ba ce, tsoro ne. Yana saurayi ya taɓa kallon ragon layyar maƙwabcinsu ya ce, "Kai, wannan rago ya haɗu!" Kafin a sauko idi rago ya kumbura ya miƙe ƙafa. Ya yaba sabon babur ɗin wani abokinsa, aka ɗauke shi a tashar Kawo a makon. Da ya yabi haƙoran wani ango, ango ya zame a bakin rijiya ya baro na gaba a can, sai unguwa ta yanke hukunci cewa Tijjani yana da kambun baka. Shi ma ya yarda, ya ma fi kowa yarda.

Daga nan ƙaunarsa ta koma kushe. In ka miƙa masa jaririnka ya duba ya ce, "Wannan kai kamar gwanda," to ka yi godiya, yaron ya shiga ransa. Matarsa Hafsat in ta ci kwalliyar Sallah ya ce atamfar ta yi kama da labulen ɗakin haya, sai ta wuce tana murmushi. Ranar da bakinsa ya suɓuce ya ce mata girkinta ba laifi, wuni ta yi tana tofa addu'a a tukwane.

Gidansa a Katabu yake, don haka abincin rana a waje yake ci, kuma wuri ɗaya, rumfar Hajiya Sa'adatu da ke bayan shagunanmu. Ta kafa ta ne tun rasuwar mijinta, da ita ta raini 'ya'yanta. Benci uku ne, rufin kwano, buta da robar wanke hannu, sai tuwon shinkafa da miyar kuka. Amma wace miya! Daddawarta ita ke yin abarta, man shanu kuwa sai ta shinshina ta mayar wa mai talla sau nawa kafin ta karɓa. Shekara ta fi ashirin Malam Tijjani yana zama a ƙarshen benci na tsakiya, ya ci, ya suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "An dai ci," ya tashi. Wannan miyar ko kushe ta ba ya yi. Tsoronsa a kanta ya kai ba ya son sunanta ma ya bi ta bakinsa.

Ana nan sai 'yar Hajiya, Sumayya, wadda ke koyarwa a wata firamare, ta ɗauki hoton rumfar da na miya ta sa a wani shafi na waya inda mutanen Kaduna ke ba gidajen abinci taurari. Biyar shi ne ƙarshen yabo, ɗaya kuwa zagi ne. Ba a jima ba motoci suka fara tsayawa a lungunmu, daga Unguwar Sarki, daga Malali, har da masu baƙin gilashi. Mutum zai zauna, tuwo na huci a gabansa, ya tsaya ɗaukarsa hoto tukuna kafin ya yi bisimilla.

Majalisarmu bayan la'asar take zama a ƙofar shagona. Yahya mai faci shi ne mai karanta mana abin da ke cikin waya, don shi ne datarsa ba ta ƙarewa. Ranar nan ya karanto yabon da ake zuba wa Hajiya, muna ta murna. Malam Tijjani kaɗai ya ajiye sukundireba.

"Mutum nawa ka ce?"

"Sun fi ɗari, duk biyar-biyar," in ji Yahya.

"A cikinsu wa ya ce tubarkalla?"

Yahya ya ja yatsa ƙasa, ya ja sama. "Babu. Akwai dai wata da ta sa hoton wuta guda uku."

"Wuta," in ji Malam Tijjani a hankali. "A rumfar da ake girki da itace."

Nan gardama ta kaure. Malam Yusuf mai makarantar allo ya ce kambun baka sunansa a bakinsa yake, yatsa kuwa ba baki ba ne, kuma ko ma mene ne maganinsa addu'a. Yahya ya ce ai kafin yatsa ya danna ido ne ya kalli hoto, ido kuwa ya fi baki dafi. Wani dattijo ya tambaya, to wanda ya ba da tauraro huɗu da rabi fa, rabin nan hassada ce ko adalci? Har aka kira magariba ba a tsayar da magana ba. Malam Tijjani kuwa ya riga ya yanke shawara.

Duk mun ɗauka bai iya komai da waya ba sai amsa kira. Ashe washegari ya je wajen wani mai gyaran waya a Kawo aka buɗe masa shafi da sunan Abu Khalid. Da farko abin kirki ya yi. Ƙarƙashin kowane yabo sai ya rubuta, "Ka ce tubarkalla." Aka riƙa mayar masa da hoton fuska mai dariya har da hawaye. Sai ya koma ga abin da ya sani na sana'arsa: in zaren sama ya ja da yawa, sai an ɗaure na ƙasa ɗinki yake daidaita. Yabo ya yi nauyi, sai a sa masa kushe daidai shi.

Abu Khalid ya ba da tauraro ɗaya, ya rubuta cewa miyar lami ce, ko gishiri ba ta ji ba. Ya ga tauraro ɗaya ya nutse a cikin ɗari, sai ya koma Kawo aka haifa masa Ɗan Kawo, wanda ya ce warin daddawa ya kore shi tun daga bakin titi. Bayansa Mai Gaskiya ya zo, ya ce miyar tsululu ce kamar ruwan wanke kwano. Don kada a gane mutum ɗaya ne, sai ya riƙa haɗa su faɗa. Abu Khalid ya ce wa Ɗan Kawo bai san abinci ba, Ɗan Kawo ya ce wa Abu Khalid ɗan ƙauye, Mai Gaskiya ya shigo rabo ya zage su duka.

Majalisarmu ta samu aikin yi. Yahya ya rantse Ɗan Kawo wata mai abinci ce 'yar baƙin ciki. Malam Yusuf ya ce Mai Gaskiya da alama ya yi karatu, don yana sa aya a inda ya kamata. Ni kaina na taɓa cewa in na kama Abu Khalid sai na auna bayansa da katako. Malam Tijjani yana gefe yana goge kan keke, ya ce, "Allah dai ya shirye su." Da rana kuma ya je ya zauna a bencinsa ya suɗe yatsu.

Motoci suka fara raguwa. Mai hankali zai ce to, an yi ɓarna, a tsaya haka. Malam Tijjani cewa ya yi a ransa, ka gani ko, bakin mutane ya riga ya fara kama ta, ban yi da wuri ba. Ya ƙara ƙaimi. Wannan karon mace ya ƙirƙiro, Maman Ummukulthum, 'yar gayu, wadda ta rubuta cewa a wannan zamani wa ke miya ba garin kori, ai sai mutanen da.

Abin da bai sani ba, duk rubutun nan Sumayya tana karanta wa uwarta, don Hajiya ce ta ce kada a ɓoye mata komai. Hajiya Sa'adatu kuwa ba mai ja da magana ba ce. Yabo ɗari ya wuce ta kamar iska, kushe huɗu ya zauna mata a zuci. Aka ce ba gishiri, ta ƙara. Aka ce daddawa, ta rage, ta sake ragewa, daga baya ta daina sawa. Aka ce tsululu, ta zuba kuka har ludayi ya fara tsayawa da kansa a tukunya. Kowane canji Malam Tijjani ya ji shi a harshensa, kuma kowanne ya ɗora wa masu taurari biyar. Ya koma shago ransa a ɓace, ya ƙara rubutu.

Ranar da ya gane, ina kusa da shi a benci. Aka ajiye masa kwano, ya yanko loma ya kai baki, sai na ga ya tsaya cak. Ƙamshin kori ne. A duk faɗin Kaduna mutum ɗaya ce ta taɓa neman kori a miyar kuka, kuma tana cikin aljihunsa tare da kwalbar mai. Ya ce min daga baya niyyarsa a lokacin ya tashi ya ruga shago ya sa mutanensa huɗu su janye maganarsu.

Bai samu tashi ba. Hajiya Sa'adatu ta bar tukunya, abin da ba ta taɓa yi ba ana tsakiyar ciniki, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a gabansa. Ta rame. Ni ban lura da yadda ta rame ba sai ranar.

"Malam Tijjani, kai ne ka fi kowa daɗewa a bencin nan, kuma ba ka taɓa yi min daɗin baki ba. Ashe shekara da shekaru kara kuke yi min, kuna cin abin da ba ya ciwuwa. To, duk abin da suka ce na gyara. In wannan ma ba ta yi ba, hannuna ne ya mutu. Gobe in sa a kwance rumfar, in koma gidan Sumayya in yi mata raino. Ka faɗa min tsakaninka da Allah."

"Hajiya, ai ta da ɗin..."

"Kada ka yi min zancen ta da. Mutum huɗu da ba su san juna ba, har faɗa suke yi, ba za su haɗu a kan ƙarya ba."

"To kin san bakina, Hajiya."

"Kada kuma ka kawo min zancen rago. Leda ya ci."

Hanya biyu ce a gaban Malam Tijjani. Ko ya ce miyar ba ta yi ba, a kwance rumfa. Ko ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce shi ne Abu Khalid, shi ne Ɗan Kawo, shi ne Mai Gaskiya, kuma shi ne Maman Ummukulthum, Hajiya ta san cewa wanda take zuba wa miya kullum shi ya hana ta sukuni duk watannin nan. Ya dubi idanunta, ya ga sun kawo ruwa. Sai ya ɗauki ta uku.

"Da daɗi, Hajiya," ya ce. "Miyar nan da daɗi."

Yahya ya ɗauki kwanonsa ya fita daga ƙarƙashin rufin. Wani ya matsa daga kusa da murhu. Ni ma, ba zan yi ƙarya ba, na ɗaga kai na duba azara. Malam Tijjani da gangan ya ƙi cewa tubarkalla. Fatansa bakin nan da ya kashe rago ya faɗa wa wannan miya ya hallaka ta, ko ta da ta samu hanyar dawowa. Muka jira. Rufin kwano bai faɗo ba, tukunya ba ta fashe ba, ko ƙuda bai faɗa ciki ba.

Hajiya ta share ido da bakin mayafi, ta yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. "Alhamdulillahi. To a haka zan bar ta." A ranar ta ce wa Sumayya kada ta ƙara karanta mata komai daga waya, ta ji daga bakin wanda ba ya yabo, ya ishe ta. Abu Khalid da 'yan'uwansa sun yi ta rubutu bayan nan, suna roƙon a rage gishiri, a dawo da daddawa, Maman Ummukulthum har tuba ta yi a bainar jama'a. Ba wanda ya kai wa Hajiya labari.

Rumfar tana nan ba a kwance ba. Wasu samari ma sun gano ta, suna zuwa cin abin da suke kira kukar zamani. Mu tsofaffin ciki mun zame ɗaya bayan ɗaya, ni yanzu shinkafa da wake nake saye a bakin titi, in na hango Hajiya in ce likita ne ya hana ni gishiri. Da Malam Tijjani ya ba ni labarin nan, haushi ya kama ni, sannan tausayi ya biyo baya. Na ce ya je ya faɗa mata gaskiya. Ya ce, "Ka ga yadda ta yi dariya ranar? Kai ka je ka karɓe dariyar daga wajenta."

Ban je ba. Shi kuwa kullum bayan azahar yana ƙarshen benci na tsakiya. Hajiya da kanta take zuba masa, kuma sai ta ƙara masa ludayi guda a kan na kowa, tana gaya wa baƙi cewa wannan bawan Allah shi ya san daɗin miyarta. Ta tsaya a kansa tana jira. Ya ce da daɗi, ya sunkuyar da kai, ya cinye tas.