Vendelín Hrabko da Sa'ar Alhamis

Haihuwa da Karatu

An haifi Vendelín Hrabko a shekarar 1961 a garin Javorec da ke arewacin Slovakiya, ɗa ga Ondrej, mai saran itace, da Terézia, ma'aikaciyar gidan burodi. Ya kammala makarantar koyon sana'a a 1979 da shaidar aikin walda, amma malamansa sun fi tuna shi da gudu a kan ƙanƙara fiye da zama a aji.

Aiki da Iyali

Ya kama aiki a masana'antar katako ta garin, ya auri Božena a 1985, suka haifi 'ya'ya biyu. A watan Fabrairun 1998 gungumen icce ya kuɓuce ya danne shi, aka yanke ƙafafunsa biyu. Bayan rasuwar Božena a 2003 da tafiyar yaran neman aiki waje, ya rage shi kaɗai a gidan.

Komawa Kan Ƙanƙara

A 2005 ya haɗa wa kansa kujerar ƙarfe mai wuƙaƙe biyu a ƙarƙashi don sulɓi a kan ƙanƙara, irin wadda masu lalurar ƙafa ke wasan hoki da ita, suna tura kansu da gajerun sanduna biyu. Ya ƙera wasu bakwai, ya tara 'yan wasa. Majalisar gari ta ba su filin ƙanƙara duk Alhamis da ƙarfe biyu na rana, bisa sharaɗin cewa idan mako biyu suka wuce a jere babu kowa a fili, za a karɓe sa'ar.

Zuwa 2011 ƙungiyar ta watse: wasu sun ƙaura, wasu jiki ya ƙi. Shekara tara cur Vendelín yana shiga filin shi kaɗai, yana buga wa ragar da ba mai tsaro. Mai gadin filin kan ce masa, “Malam Vendelín, yau ma kai ka ci?” Shi kuwa ya amsa, “Da ƙyar, abokin karawar ya matsa mini.” Ana dariya, amma kaɗaici ne tsagwaronsa.

A 2020 Hedviga Kolárová, malamar makaranta da hatsarin mota ya nakasa, ta zama ɗalibarsa ɗaya tilo.

Rasuwa

Ya kwanta ciwon huhu a watan Nuwamban 2023. Ranar Alhamis ɗin da Hedviga ta wuni a gefen gadonsa, fili ya zauna babu kowa. Ya rasu ranar Litinin da ta biyo baya, yana da shekara sittin da biyu. 'Ya'yansa, da ba su san sharaɗin majalisar ba, suka sa jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe biyu.

An binne shi kusa da matarsa a maƙabartar cocin garin, a gaban mutum goma sha ɗaya. Ya bar 'ya'yansa biyu, Matúš, direba a Jamus, da Zdenka, ma'aikaciyar jinya a Ostiriya. Hedviga ba ta halarta ba. A daidai wannan sa'a tana kan ƙanƙara, ita kaɗai.