Kawu Modu, Mai Yi wa Yalo Aski

Duk wanda ya zauna a layinmu na bayan Goron Dutse ya san ƙarfe goma da rabi na safe ba sai ya duba waya ba. Da ta cika sai ka ji muryar Kawu Modu daga tsakar gidanmu: "Maƙwabta a suturta, namiji zai hau sama!" Sau uku yake faɗa, sannan ya tsaya yana kallon agogon hannunsa, ya ba matan maƙwabta minti biyu cif su ja mayafi ko su shige ɗaki. Wasu har girkin rana suke ɗorawa da wannan kira. Mu kuwa na cikin gida, ni da matarsa Inna Yagana, da mun ji shi mun san an buɗe mana awa guda ta fargaba ke nan.

Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na girma, kuma ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti wajen Kabuga. Aikin yamma nake yi, shi ya sa duk hawa da saukar nan a kan idona aka yi su. Likita yake kirana, amma ba don girmamawa ba. In ya ce Likita, to ya riga ya shirya ƙin bin abin da zan faɗa.

Kusan duk rayuwarsa gyaran agogo ya yi a Ƙofar Wambai, har waya ta zo ta kashe sana'ar. Ya dawo gida da gilashinsa na ido ɗaya, da ɗan hantsakinsa, da taurin kan da ko kaɗan bai rage a kasuwa ba. Ya fara shuka tattasai da attaruhu da yalo a tsofaffin bokitan fenti a tsakar gida. Akuyar Inna ta cinye rabi, wasu fararen ƙwari suka gama da sauran. Sai ya yi fushi da ƙasa gaba ɗaya. Ya kwashe bokitansa ya haura da su saman ɗakinsa mai rufin kankare, ya kafa rumfa da bututun ƙarfe, ya rufe samanta da leda mai kauri, ya zagaye gefenta da ragar gidan sauro, ko ƙuda bai bar wa ƙofa ba. Matakala goma sha huɗu ce zuwa wajen, siririya, ba abin dafawa. Na roƙe shi a kira mai walda ya sa ƙarfe, ya ce abin dafawa na masu niyyar faɗuwa ne.

Shekarar farko shuka ta yi kore shar, ta yi fure gwanin sha'awa, sai furannin suka riƙa zubewa ba tare da sun bar ɗa ko ɗaya ba. Inna ta ce baki ne, dama mutane sun cika magana a kan rumfar. Kawu ya yi kwana uku yana leƙa furanni da gilashin agogo, bai gano komai ba. Wani manomin rani da ke kawo kaya kasuwa ne ya warware masa. Ya ce a cikin kowane fure akwai wani gari rawaya, kuma sai garin nan ya zuba a kan ɗan tsinken da ke tsakiyar furen sannan a sami ɗa. A gona iska da ƙudan zuma ke wannan aiki. Kawu kuwa garin korar ƙwari ya haɗa har da su ya kulle a waje. Kowa ya zaci zai yage ragar. Ina! Ya dawo gida ya sanar da mu cewa daga ranar shi ne zuma.

Tattasai da attaruhu ba su ba shi wuya ba, ya ɗan kaɗa reshe da yatsa ko ya shafa furen da gashin kaza, shi ke nan. Kazar Inna ce ta ɗauki nauyin wannan ɓangaren, har ta kai in ta hango shi sai ta shige ƙarƙashin gado. Yalo ne ya ƙi. Shi garinsa a rufe yake cikin wasu 'yan kwaroro, ba ya fita sai zuma ta kama furen ta yi masa wannan gurnanin nata. Kawu ya kaɗa, ya hura, ya ƙyasta da farce, yalo ya yi kunnen ƙashi.

Ran nan ya je aski shagon Malam Sani da ke bakin layi. An aske masa ɓari ɗaya, injin ya zo daidai kunnensa, sai kawai ya damƙe hannun Malam Sani ya ce a tsaya. Ya sa aka kunna, aka kashe, aka sake kunnawa, yana saurare ido a rufe. Sai ya ce, "Wannan ai muryar zuma ce." Ya karɓi injin, irin mai caji ɗin nan, ya fito da tsumman aski a wuyansa, Malam Sani na biye da shi yana cewa Baba a ƙarasa mana. Ya hau sama, ya cire bakin askin, ya ɗora jikin injin a bayan furen yalo, sai ga gari ya yi fes kamar hayaƙi. Tun daga ranar bai mayar da injin ba, sai da ɗansa Bashir ya aiko wa Malam Sani da sabo daga Abuja. Kan kuwa haka ya zauna rabi da rabi a ƙarƙashin hula har Juma'a, wai ba shi da lokacin zama.

Yalo ya fara 'ya'ya, unguwa ta sha dariya, mu kuma muka shiga uku. Don aikin nan yana da lokacinsa. Da sassafe garin da danshi, ba ya tashi, in rana ta take kuma furen ya galabaita. Tsakanin goma da rabi da sha ɗaya da rabi ne kaɗai, kuma Kawu ba mutumin da za a yi ciniki da shi a kan lokaci ba ne. A bazara, a wannan sa'ar, cikin ledar nan kamar tanderun gurasa yake. Shi kuma ga tsufa, ga hawan jini. Ni nake auna shi, na san abin da nake gani, kuma na ga yadda irinsa suke zuwa mana asibiti a kwance. In na nuna masa awon sai ya ce injina ne ke da hawan jini. Ƙwayar da aka rubuta masa kuwa, da hantsakin agogo yake raba ta biyu daidai wa daida, wai rabi ya ishe shi tunda shi ba ƙato ba ne. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da limamin unguwa. Liman ya hau don ya yi masa nasiha, ya sauko da attaruhu cike da aljihu yana yaba ikon Allah.

Tunda ban da liman ya hana kowa binsa, wai muna shigo masa da ƙwari a jikin kaya, sai kunne ya zama idonmu. Injin yana da salonsa: ya yi ƙara kaɗan, ya yi shiru, ya sake yi a fure na gaba. Inna takan zauna a matakin farko da carbinta, kowace ƙara ta ja ɗaya, har ban san ko tasbihi take ko ƙirgar furanni ba. Ni kuma ina wanke-wanke ko guga, amma rabin hankalina yana sama. In shirun ya ɗan yi tsawo sai mu kalli juna, har sai ƙarar ta dawo.

Wata rana ba ta dawo ba. Minti ɗaya, biyu, biyar. Inna ta kira sunansa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, shiru. Sai ta fasa salati, maƙwabta suka fara shigowa. Ni da ko kan kujera na hau sai jiri ya ɗebe ni, haka na rarrafa matakalar nan da hannu da gwiwa, ina kuka, ina tunanin yadda zan faɗa wa Bashir. Na ɗaga ledar ƙofa, sai ga Kawu a durƙushe, gilashi a ido, ya ɗago min hannu ba tare da ya waiwayo ba. Wata ƙatuwar zuma ce baƙa ta sami ɓula a ragar ta shigo, tana kan furen yalo tana aikinta.

"Yi a hankali, Likita," ya ce cikin raɗa. "Mai sana'ar ce ta zo da kanta."

Da ya sauko ya tarar da tsakar gida cike da mata masu share hawaye, ya yi mana tas, wai mun kore masa malama ana tsakiyar darasi. Da yamma kuma ya ɗauki allura ya ɗinke ɓular. Na ce to tunda ta fi shi iyawa ai sai ya bar mata. Ya ce baƙuwa ya yi, ba ma'aikaciya ya ɗauka ba.

Bayan wannan kunyar muka ɗan saki jiki, kuma a nan muka yi kuskure. Azumi ya zo cikin zafi. Na ce ko dai ya ajiye azumin tunda yana da uzuri, ko ya ajiye hawan. Ya ce azumi na Allah ne, shi kuma yalo bai san wata ya tsaya ba. Ranar sha biyu ga wata ya hau kamar kullum. Muna ƙasa muna gyaran gero, injin yana ta ƙara, hankalinmu kwance, har Inna tana ba ni labarin wani biki. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, kuma har yau ba na son in ƙiyasta. Kawai dai na saki geron na kasa kunne. Ƙarar ba ta yankewa. Mutumin da ke kashe inji tsakanin fure da fure don kada caji ya tafi a banza, ba zai bar shi yana kuka haka ba.

Ban tuna yadda na hau ba. Na same shi kwance tsakanin bokitai, bakinsa ya karkace, jikinsa zafi rau, injin yana ta rawa shi kaɗai a kan siminti. Malam Sani da wasu maza uku suka sauko da shi cikin bargo ta wannan matakalar marar abin dafawa, ina gaba ina tafiya da baya riƙe da kansa, kowane mataki ina jin yanzu za mu zube gaba ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ya farfaɗo a asibiti, amma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Kafin a sallamo shi na sa mai walda ya yi ƙofar ƙarfe a gindin matakala, na sa kwaɗo, na rataye mukullin a wuyana. Na shirya wa yaƙi. Da aka shigo da shi ya kalli ƙofar, ya kalle ni, ya kawar da kai. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bashir ya ce a rushe rumfar a huta, na kasa. Sai na wayi gari ni ce mai hawa, ina karanto duk addu'ar da na sani, shi kuma yana kan kujera a inuwa yana yi min gyara da kunne. In na daɗe a fure ɗaya sai in ji muryarsa a karkace daga ƙasa, yana tambaya aski nake ko kitso.

Wata safiya, bayan damina ta faɗi, na sauko masa da yalon farko na aikin hannuna. Ya juya shi da hannun dama, ya ga gefe ɗaya a motse, ya ce rabin aiki na yi, garin bai zagaye ba. Muka yi dariya har da Inna. Da ta shiga ɗaki sai na ce, "Kawu, ka san shekara huɗu ka yi kana kashe mu da tsoro?"

Ya ajiye yalon a cinyarsa. Sannan ya ce, "Na sani, ku yafe min. Kina zaton ni ba na jin tsoron? Kullum a mataki na bakwai nake kalmar shahada, daga nan jiri ke fara ɗibana. Amma a can sama akwai masu jirana, in ban je ba ba za su haihu ba. A nan ƙasa kuwa ni ne mai jira."

Mukullin yana wuyana, ina jin sanyinsa a ƙirjina. Na kai hannu, na fasa. Bai roƙa ba, ni ma ban bayar ba. Sati uku bayan nan, ranar wata Alhamis da la'asar, ya cika a kan gadonsa, ɗaki da sanyi, ana yayyafi, ba inda ya faɗi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da littafi ya ce, kuma na san kwana na Allah ne. Amma har gobe ban sani ba ko kwaɗon nan tsare shi ya yi ko gajiyar da shi.

Allah ya jiƙan Kawu Modu, ya yafe masa, ya yafe min. Ya sha zafi a duniya da son ransa, Allah ka sanyaya masa makwanci, ka sa shi a inuwar da ba ta gushewa.