Kafiretar motar mijin Hajiya

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta makon da muka yi farautar kafireta ba.

Kawuna bakanike ne a Ƙofar Na'isa. Yana da wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu, shekara uku yana gyaranta don tseren tsofaffin motoci da ake yi a bayan gari. Ni na karanta masa takardar dokokin, don da Turanci take: komai na injin sai ya zama na asalin motar, ban da haɗe-haɗe. Shi kuwa kafiretar wata mota daban ya ɗaura mata. Saura kwana huɗu a duba motoci.

Muka zaga kasuwar kayan gyara kaf. Wani ɗan kasuwa har da dariya: "Malam, wannan ai sai dai ka tambayi kakanka."

Can aka ba mu labarin wata Hajiya a Yakasai, irin motar tana tsakar gidanta tun rasuwar mijinta, kaji na ƙwai a ciki. Kawu ya tsaya a zaure, ni mace na shiga. Ina sallama na ce, "Hajiya, nawa za ki sayar mana da kafiretar gwangwanin nan?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Gwangwani? 'Yar nan, ƙofar da kika shigo tana nan a buɗe."

Haka muka koma gida hannu wofi. Lokacin haushinta nake ji, yanzu kunyar kaina nake ji.

Washegari muka koma, Kawu ya sake tsayawa a zaure. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi jikoki, na zauna a tabarma ƙafata na ƙaiƙayi. Awa guda tana ba ni labari: a motar nan aka kai ta asibiti haihuwar fari, mijin yana gudu tana zaginsa. Na yi dariya har da hawaye. Sai ta ce, "Kira kawun naki ya shigo ya cire. Ba sayarwa nake ba. Amma da ni za a je kallo."

Masu duba suka leƙa injin, suka sa hannu. Ranar tsere, Kawu bai zo na ɗaya ba, bai kuma zo na ƙarshe ba. Hajiya ta ce marigayi ya fi shi taka mota.

Har yau ba ni da haƙuri. Amma na koyi cewa kafin ka tambayi kuɗin abu, ka fara tambayar na wane ne.