Lawal Mai Faci da Zargin Ƙusa

Duk mai bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya san Lawal mai faci, in bai san sunansa ba ya san tumbinsa. Ɗan Daddara ne, amma a Maraɗi ya koyi sana'a, shi ya sa har gobe "duwan" yake ce wa 'yan kwastan. Tun ina saurayi yake zaune a gindin dalbejiyar nan ta kusa da shingen iyaka, shi da injin iskarsa mai tari kamar tsohon mashayin taba. Surutu kam akwai shi, amma ban taɓa jin ya cuci kowa ba.

Sai ga shi bara an ce shi ke watsa ƙusa a kan titi.

Mudathir, shugaban direbobin tasha, shi ya fito da zancen. Wai ya lura duk ranar da Lawal ya yi sammako ya buɗe rumfa, ranar tayoyi ke ta fashewa, ranar da ya makara kuwa lafiya lau. Direbobi suka duba, suka ga haka ne. Nan take aka ba shi zuwa ƙarshen wata ya kwashe komatsansa. Abin ya ƙona min rai ƙwarai. Mutumin da ake sahu ɗaya da shi a masallaci, yau ana nuna shi da baki. Lawal ya daina surutu, har tumbin ya fara saɓulewa.

Ana cikin haka 'yarsa Na'ima ta zo hutu daga Katsina, inda take karatun digiri. Aikin da take yi a makaranta binciken alaƙa ne, wato a auna abu biyu a ga ko tare suke hawa, tare suke sauka.

Ta ce, "Baba, wace rana kake sammako?"

Ya ce, "Ran kasuwa mana. Mi zan fito yi da asuba in babu motoci?"

Ta yafa gyalenta, ta sami Mudathir a tasha, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Kawu, abin da kuka gani gaskiya ne, tare suke tafiya. Amma irin wannan lura ba ta nuna wanne ya jawo wanne. Akwai abu na uku. Kasuwa ce ke fito da Baba da wuri, ita ce kuma ke sa ku lafta wa mota hatsi har ta karkace."

Mudathir ya ce, "Ke ɗiyata, wanga duk boko ne."

Ta ce, "To a gwada. Ran kasuwa mai zuwa Baba ba zai fito ba."

Haka aka yi. Lawal ya sa babbar riga ya tafi bikin suna a garin Bugaje. Kafin azahar tayoyi sun fara aikinsu. Motoci suka yi jerin gwano a bakin shinge, ciki har da ta Mudathir, maƙare da buhunan gero. Aka duba ko'ina, ko ƙusa ɗaya ba a samu ba, tayoyin ne duk sun suɗe. Ni kam na yi dariya har da hawaye. Mudathir da kansa ya hau babur ya je ya ɗauko Lawal daga gaban kwanon waina.

Yanzu wani sabon zance ke yawo a tasha. Wai Lawal mutum ne mai albarka, tunda ranar da ba ya nan aka fi shan wahala. Har akwai direban da ba ya tsallakawa Nijar sai ya sa shi ya shafa masa taya.

Na'ima ta ce, "Baba, wannan ma fa kuskuren farko ne suka juya."

Lawal ya waiga ko wani ya ji, ya rage murya.

"Yi shiru, ɗiyar nan. Wancan kuskuren ni na sha wuyarshi, har uwarki ta daina shiga biki don kunya. Wanga bar su da shi."