Satar da Notburga Ta Yi da Rana Tsaka

Duk wanda ya taɓa hawowa ƙauyenmu na kan duwatsun Tirol da bazara ya san barandar Notburga, ko da bai san sunanta ba. Gidansu ne na ƙarshe kafin a shiga makiyaya, tsohon bene na katako da rana ta gasa har ya yi baƙi. Daga wannan kusurwa zuwa waccan furen jeraniya ne ke zubowa daga akwatuna, ya sauko har ya kusa rufe tagogin ƙasa. Jan nata dabam yake da na kowa, yana da duhu-duhu kamar busasshen barkono. Baƙi masu yawon hutu kan tsaya ɗaukar hoto, ita kuwa sai ta fito da tsintsiya, wai shara ce ta kawo ta.

Ba a kanti aka sayo shi ba. Da aka kawo ta gidan tana amaryar Gottlieb, a hannun surukarta Kreszenz ta tarar da shi, ita ma tsohuwar a hannun tata surukar ta gada. Kreszenz ta sakar mata kicin, ta sakar mata tatsar shanu, amma sai da Notburga ta yi haihuwa biyu kafin a yarda ta taɓa akwatin fure. Da kaka, tun sanyi bai kama ba, a datse rassan a sauke su ɗakin ƙarƙashin ƙasa su yi barci. Ruwa kuwa sai ɗan ɗigo, can ba a rasa ba. In ƙanƙara ta fara narkewa a hauro da su bakin taga, kuma ba mai fitar da su waje sai ranar da muke kira Sofi Mai Sanyi ta wuce a tsakiyar Mayu, don sanyin ƙarshen hunturu ba shi da amana. Haka ta yi kusan shekara hamsin. Ta binne miji, ta aurar da 'ya, ta rage shanu, baranda dai ba ta taɓa yin bazara babu ja ba.

Mu faɗi gaskiya, matar akwai ji da kai. Roƙe ta ƙwai, roƙe ta tsani, roƙe ta ta kwana jinyar uwarka, duk za ta yi maka. Amma ka ce ta ba ka reshe ɗaya, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Na gida ne."

To, bara da hunturu ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar turken shanu, ƙashin ƙugu ya karye. Aka sauka da ita asibiti a kwari, daga nan gidan jinya, har hunturu ya ƙare ba ta ga gida ba. Ɗanta Kassian ne ya riƙe komai, mutum mai haƙuri da ba ya iya ganin ko kyanwa da yunwa. Duk zuwan da zai yi dubiya tambayarta ɗaya ce.

"Kana duba mini su?"

"Kullum, Mama."

Da ba maganin ciwo ne ya cika mata kai ba, da wannan amsa ta tayar da ita zaune. Bawan Allah nan kullum yake sauka da bokiti, ya shayar da su yadda yake shayar da maruƙa. Da sanyi ya tsananta tausayinsu ya kama shi, har ya kai musu na'urar ɗumama ɗaki.

Ranar da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta nufi matakala, sanda a hannu, Kassian na biye yana cewa ta yi a hankali. Wari ne ya fara tarar ta. Ta kama reshe ɗaya, ya narke mata a yatsu, baƙi ƙirin. Ta bi akwatunan kaf tana tona saiwa da farce, ko ɗaya babu mai rai.

"Ai na ga ƙasar ta bushe ne," in ji Kassian, murya can ƙasa.

Ta buɗe baki, ta ga ƙaton mutum mai furfura a gemu yana murza hula, sai ta haɗiye abin da ya zo mata. "Ɗauke wannan na'ura ka mayar ɗakinka," kawai ta ce. Ta zauna a kan matakala ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar da ƙashin ya karye. Mata biyu sun riƙe abin nan tsawon ransu, a hannunta ya zo ya mutu. Ga zagayen coci na watan Yuni yana tafe, ranar da duk ƙauye ke bin titi da tutoci da 'yan kiɗa, bakuna na addu'a, idanu na kan barandar mutane.

Kassian ya matsa sai ya kai ta wurin masu sayar da shuke-shuke a kwari. Ta bi shi don dai ya samu sauƙi a ransa. Verena, matashiyar da ke riƙe da wurin, ta zagaya da su. Ga masu cunkoson fure kamar kan kabeji, ga ruwan hoda, ga fari mai zane, ga shuɗi-shuɗi da aka fito da shi kwanan nan.

"Waɗannan masu manyan kai fa, Mama?" in ji Kassian.

"Barandar Iya yamma take kallo," in ji Verena. "Ruwan sama ɗaya zai jiƙa su su ruɓe, kuma sai an yi ta tsinke musu matattu. Da wannan ƙugun wa zai hau? Mai fure ɗai-ɗai ya dace da ita. Shi ke zubar da nasa da kansa, iska ba ta dame shi ba, kuma yana sauka har ya fi tsawon hannu."

"Yarinyar nan ta fi ka hankali," in ji Notburga.

Verena ta ɗauko ja mafi kyau da take da shi. Notburga ta sa tabarau, ta fita da shi hasken rana, ta juya shi, ta dawo da shi.

"Wannan ai jan motar kashe gobara ne, 'yata."

Verena ta yi dariya. "Iya, irin naki ba mai sayar da shi. Sai dai in akwai wanda kika taɓa ba reshe."

Ba ta taɓa ba kowa ba, amma ta san inda yake, kuma sanin ne ya sa ta sha kunu tun daga kwari har gida. Ranar da aka yi wa Kassian baftisma, Filomena, wadda suka zauna benci ɗaya a makaranta, ta haura bene wai za ta ga kwari daga sama, ta sauko da hannu a ƙarƙashin mayafi. A nan wajenmu kowa ya san reshen sata ya fi kamawa, kuma in an ba ka kyauta ba ka godiya, in ka gode ya mutu. Kowace mace ta yi, kowace an yi mata, a yi dariya a wuce. Notburga ce kaɗai ta riƙe abin a rai. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma ta fatar baki. Filomena kuwa kunya ta hana ta fito da shi gaba. Ruwan hoda take jerawa a barandarta da ke kallon dandalin coci, jan tana ɓoye da shi a bayan gida wajen tarin itace. Ta manta iska na kwaso jan fure ta zubar a kan hanya.

Roƙo dai Notburga ba za ta yi ba, ko za a yanka ta. Saboda haka wata rana bayan abincin rana ta wasa ƙaramar wuƙarta, ta jefa a aljihun rigar aiki, ta ɗauki sanda ta gangara. Ɓarauniya mai sanda ƙwas-ƙwas a kan duwatsun titi, duk wanda ke taga ya gan ta. Ta zagaya bayan gidan, sai ga furannin jere a kan katako suna shan rana, kore shar, har wasu sun fara ɗaure kai. Murna ta kama ta. Sai kuma ga Filomena zaune a kan kututture tana feraye dankali.

Suka dubi juna.

"Burgi. Ashe ƙafa ta yi kyau," in ji Filomena, da ta saba gajarta mata suna haka.

"Tana nan dai. Wucewa nake."

"Ta bayan gidana? Hanyar ina ce nan, in ba ta kaji ba?"

Notburga ta matsa kusa da katakon. Idonta na kan furen. "Kin cika musu taki," ta ce. "Ganye ya fi fure."

"Ji mini mata. Naki fa, da ba a cika musu komai ba?"

Maganar ta soke ta, Filomena kuma ta ga ta soke ta. Ta ajiye kwanon dankali ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Bari in ɗora kofi. Murhun nan nawa ya tsufa, sai ya ga dama yake kamawa, zan daɗe. Tagar kicin kuma ta yi datti, ba na ganin komai ta cikinta." Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo. "Na ƙarshen can sun fi ƙarfi. Da kaji nake magana."

Notburga ta jingine sanda. Hannunta ya san aikinsa: ƙasa da gaɓa kaɗan, yanka ɗaya, a tsinke ganyen ƙasa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi wa ko guda illa ba, har aljihu ya cika ya yi tozo. Da Filomena ta fito da kofuna, ganye na leƙowa daga aljihun, su biyun suka yi kamar makafi.

Suka sha kofi. Godiya ta taso wa Notburga har maƙogwaro, ta kora ta da kurɓi mai zafi. Ta san lissafin da ba ta so: reshen da aka dasa yanzu ba zai yi abin kallo ba sai can ƙarshen bazara. Ranar zagaye barandarta 'yan tsirrai kore za ta nuna.

"Mena," ta ce, rabon da ta kira ta haka tun suna 'yan mata. "Waɗannan ba na bayan gida ba ne. Sa a ɗora miki su gaba."

"Gaba? Duk gari su san abin da na yi?"

"Wa kike tsammani bai sani ba? Har limamin coci ya sani. Furen nan bai taɓa fashin zagaye ba, kuma ba zai fara a kaina ba."

Ranar zagaye Notburga ta sa rigar gargajiya da hular bikinta, ta ƙi kujerar da aka ba ta a mota, ta shiga layin mata da sandarta. Aka hau har ƙarshen ƙauye, aka bi ta ƙarƙashin barandarta. Akwatuna na nan a jere, Kassian ya yi musu sabon fenti, 'yan tsirrai a ciki ko leƙowa ba su gama yi ba. Ta ji ana ƙus-ƙus a bayanta, ko gezau. Da aka gangaro dandali, sai ga ja ya zubo daga benen Filomena, mai duhu-duhun nan, har addu'ar layin mata ta ɗan sarƙe.

Bayan an tashi matar mai gidan burodi ta tare Filomena a tsakiyar jama'a.

"Ke Mena, ina kika samo wannan ja haka?"

Filomena ta gyara mayafi, ta ɗaga murya yadda har 'yan kiɗa za su ji.

"Na gidan Notburga ne. Sata na yi."

Kowa ya juyo yana jiran abin da tsohuwa za ta ce. Notburga ta ɗaga kai ta ƙare wa barandar kallo, daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa.

"Ta iya sata," ta ce. "Taki ne dai ya yi yawa."